Sayen Jirgi Daban, Ƙera Shi Daban

Tun da sojojin Faransa suka kwashe nasu-ya-nasu daga Nijar a watan Disamba na 2023, na Amurka kuma suka bar sansanin Agadas a watan Agusta na 2024, wata magana ta kama bakin mutane a fadodi da tashoshin mota, daga Sabon Gida har Madawa, Buza da Keita. Wai yanzu ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, sun fara ƙera jiragen yaƙinsu da kansu. Hujjar kuwa ba ta wuce ɗan bidiyon da ake turawa ta WhatsApp ko TikTok ba: jirgi ya tashi, an manna masa tuta, an sa kiɗa mai tsuma jiki, wani mai murya kamar ta ɗan rediyo yana cewa Turawa sun shiga uku. Wanda ya ce a dakata a duba, sai a ce masa ba ya kishin ƙasa.

Ba na ganin laifin mai ƙishirwar jin irin wannan labari. Mutanen jihar Tawa ba su manta da 21 ga Maris 2021 ba, ranar da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya. Na kudancin jihar kuma, masu zaune dab da iyakar Sakkwato, sun san abin da ake nufi da a kwana ana sauraren ƙarar babura. Ga shi tun ƙarshen 2023 kowa yana zuba nasa a asusun ceton ƙasa, har da dala bibbiyun da ake cirewa daga kuɗin waya. Wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar abin da suka sayo.

Gaskiyar ita ce, babu masana'antar da ke ƙera jirgin yaƙi a Nijar. Jirage marasa matuƙi samfurin Bayraktar TB2 da sojojinmu ke amfani da su, kamfanin Baykar na Turkiyya ne ya ƙera su, kuma guda shida na farko sun iso a 2022. Ƙananan jiragen Hürkuş ma daga Turkiyya suke. Manyan jiragen dakon kaya samfurin C-130, Amurka ce ta ba da su. A watan Afrilu na 2024 masu horar da soja daga Rasha suka sauka Yamai da na'urorin kare sararin sama. Duk wannan ba abin kunya ba ne, ƙasar da ake kai wa hari dole ta nemi makami inda ta samu. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar sauya mai sayarwa a matsayin tsayuwa da ƙafafunmu. Wanda ya bar shagon Bafaranshe ya koma na Baturke ko na Barashe, zai yiwu ya sami sauƙin farashi da ƙarancin sharuɗɗa, kuma wannan riba ce ta gaske. Amma har yanzu mai saye ne.

Akwai kuma waɗanda suka karkata ɗaya ɓangaren, masu cewa zanen aro ba ya rufe katara, don haka a kori kowane baƙo mu yi abinmu mu kaɗai. Su ma ba su duba yadda ake yin wannan sana'a ba.

Mai garka a kwarin Tarka ya fi kowa fahimtar inda gizo ke saƙar. Injin ban-ruwan da yake shayar da albasarsa ba a Sabon Gida aka ƙera shi ba, daga Sin ko Japan ya taso. Amma idan ya tsaya tsakiyar rani, mai shi ba ya ɗora hannu a ka. Akwai makanike a kasuwa da zai kwance shi ƙusa-ƙusa, akwai mai shagon da ke sayar da buji da fistin, akwai yaron da ya koyi sana'ar yana iya gane ciwon inji daga jin ƙararsa. Har ta kai wasu sun juya injin yana aiki da iskar gas maimakon fetur, abin da mai ƙera shi bai tsara ba. Injin baƙo ne, amma ya zama ɗan gida. To a ce an sayar wa manomin nan wani inji da aka rufe ruf, ba mai buɗe shi sai ma'aikacin kamfanin, ba ya shan mai sai wanda kamfanin ya aiko, kuma ranar da gwamnatin ƙasar kamfanin ta yi fushi tana iya hana aiko da ko ƙusa ɗaya. Albasa kuwa kwana kaɗan take jira. Jirgin yaƙi irin wannan inji na biyu ne.

Ba sau ɗaya ake sayen jirgi ba. Bayan kowaɗanne sa'o'i na tashi akwai binciken da dole a yi masa, akwai kayan da dole a cire a sa sabbi ko da ba su nuna alamar gajiya ba. Manhajar da ke cikin kwamfutarsa tana buƙatar sabuntawa, kuma mai ƙera ta ne ke riƙe da mabuɗin. TB2 yana iya wuce awa 24 a sama, amma ƙananan bama-bamai huɗu kawai yake ɗauka, samfurin MAM-L na kamfanin Roketsan, kuma duk wanda aka harba sai an sayo madadinsa daga Turkiyya. Shi ya sa kuɗin riƙon jirgi tsawon rayuwarsa yakan zarce kuɗin sayensa. Filayen jiragen soja da dama a Afirka suna da jiragen da suka zo da biki da tafi, yanzu suna kwance tayoyi a sace, don an rasa wani abu da bai kai girman tafin hannu ba.

Ita kanta Turkiyyar da muke yabo, ta yaya ta kai inda take? A 1974 ta tura sojoji tsibirin Kubrus, sai Amurka ta hana sayar mata da makamai daga 1975 zuwa 1978. Sojojin Turkiyya suka wayi gari da jirage da na'urorin da ba su da kayan gyaransu. A 1975 ɗin aka kafa kamfanin Aselsan, kuma bai fara da jirgi ba, da rediyon oba-oba na soja ya fara. A 1984 Turkiyya ta shiga haɗin gwiwa da kamfanin General Dynamics na Amurka, ƙasar da ta juya mata baya jiya-jiya, don a riƙa harhaɗa jiragen F-16 a kusa da Ankara da hannun ƴan ƙasa. Ba su ce sun yi fushi ba za su koya ba. Selçuk Bayraktar, wanda ya jagoranci ƙirar TB2, a jami'o'in Amurka ya yi karatunsa mai zurfi, kamfanin gidansu kuma da ƙera kayan injina ya soma. Sai a 2014 TB2 ya yi tashinsa na farko, kusan shekara 40 bayan takunkumin.

Duk da haka jirgin bai zama na Turkiyya ɗari bisa ɗari ba. A farko kyamarar da yake gani da ita daga Kanada take zuwa, injinsa samfurin Rotax kuma daga Austiriya. A watan Oktoba na 2020, lokacin yaƙin Karabak, Kanada ta dakatar da sayar da kyamarar, masu injin ma suka ce sun daina. Turkiyya ta maye gurbin kyamarar da ta Aselsan. Ta iya yin haka ne don tana da kamfanin da ya shekara 45 yana tara injiniyoyi. Da ranar ce za ta fara neman wanda ya san aikin, da jiragen sun kwanta.

Ba sai mun je nesa ba, Kaduna ta ishe mu darasi, mai daɗi da mai ɗaci. A 1964 Najeriya ta kafa hukumar ƙera makamai ta DICON, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina mata masana'anta a Kaduna. Ta yi aiki sosai lokacin yaƙin basasa. Bayan yaƙi aka yi watsi da ita, har ta koma tana yin kujeru da kayan samar da ruwa a karkara don ta rayu. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda Tarayyar Sobiyet ta fara ginawa a 1979, ita ce za ta ciyar da irin su DICON da ƙarfe, har yau ba ta kankama ba. Brazil kuwa makaranta ta fara buɗewa, ta koyar da ƙirar jirgi, a 1950. Sai a 1969, shekara biyar bayan DICON, ta kafa kamfanin Embraer da ɗaliban da makarantar ta yaye. Da Boko Haram ta addabi Najeriya, a 2014 Amurka ta hana a sayar mata da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila. Daga baya, a 2021, Najeriya ta karɓi jirage 12 samfurin Super Tucano a kan kusan dala miliyan 500 na Amurka. Ƙirar Embraer ce. Wanda ya fara daga baya shi ya ƙera wa wanda ya riga shi.

Amma Kaduna ba ta mutu ba, kuma inda ta motsa, da hannun baƙo a ciki. Jirgi maras matuƙi mai suna Tsaigumi, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Fabrairu na 2018, injiniyoyin sojan sama ne suka yi shi tare da kamfanin UAVision na Portugal. A ƙarshen 2019 aka nuna motar sulke ta Ezugwu, a 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar DICON da ta buɗe ƙofa ga kamfanoni masu zaman kansu. Tafiyar tana da jinkiri, kuma an sha nuna samfuri ɗaya a biki a tafa sannan a ji shiru. Sai dai akwai mutanen da suka taɓa abin da hannunsu, kuma wannan ba ya gogewa.

Batun tauraron ɗan'adam ya fi shafarmu kai tsaye. A watan Satumba na 2024 ministocin ƙasashen AES suka gana da jami'an kamfanin Glavkosmos na Rasha a Bamako, a watan Nuwamba kuma Nijar ta sa hannu da kamfanin don samun taurari uku. Najeriya ta bi hanyoyi biyu a wannan fage. NigComSat-1, Sin ce ta ƙera ta harba shi a watan Mayu na 2007. A watan Nuwamba na 2008 faifan da ke samar masa da wuta daga rana ya lalace, ya mutu a sama, aka jira har Disamba 2011 kafin a harba madadinsa. NigeriaSat-X kuwa, injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a kamfanin Surrey da ke Ingila, aka harba shi a watan Agusta na 2011. Duka biyun haɗin gwiwa ne da baƙo. Na farko ya kawo kaya, na biyu ya dawo da mutanen da suka san cikin kayan. Idan taurarinmu suka tashi, tambayar da za mu yi ita ce: wa ke zaune a ɗakin sarrafa su, a wane gari ɗakin yake, kuma hoton da tauraro ya ɗauko na kwarin Maggiya ko iyakar Tiliya, idon wa yake fara gani?

A cikin takardar kwantiragi ake yanke duk waɗannan, ba a filin biki ba. Mutum nawa za a horar, har zuwa wane matsayi? Wane gyara za a yi a gida, wane ne sai an mai da jirgi ƙasar da ta ƙera shi? Za a ba mu littattafan gyara cikakku? Kayan gyara na shekara nawa za a ajiye mana? Mai sayarwa ba ya ba da waɗannan don Allah, sai an matsa masa, kuma mai matsawa dole ya zama ya san aikin, ba kamasho ya kai shi teburin ba. Muna da dalilin faɗar haka. Rahoton binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito fili a 2020, ya ambaci kimanin sefa biliyan 76 da suka salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a shekarun da ake kashe sojojinmu a Inates da Shinagodar. Na yarda akwai sirrin soja. Amma adadin makanikan da aka horar ba sirri ba ne da zai amfani maƙiyi, kuma jama'ar da ke zuba kuɗi ta cancanci jin sa.

Mu ma jama'a da namu sakacin. Muna son ɗanmu ya zama matuƙin jirgi ko hafsa mai tauraro a kafaɗa, amma idan ya ce zai shiga makarantar koyon sana'a sai mu ga kamar ya faɗi. Alhali jirgi ɗaya yana buƙatar masu walda, masu aikin lantarki da masu kwamfuta fiye da yadda yake buƙatar matuƙa. Makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi da jami'ar Tawa, daga nan waɗannan hannaye za su fito, in an ba su kayan aiki na gaske da wutar da ba ta ɗaukewa. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da muke amfani da shi. Injin da ke sassaƙa ƙarfe daidai da kaurin gashi ba ya jure wutar da ke zuwa tana komawa.

Abin da za a iya cimma cikin ƴan shekaru ba jirgin yaƙi ba ne. Harsashi ne, da takalmi da rigar soja, da sulken da ake ɗora wa mota, da ƙananan jiragen leƙen asiri da ake harhaɗawa daga kayan kasuwa, da gyaran abin da muka riga muka saya. Nijar da Mali da Burkina Faso duk suna da TB2, kuma tun 6 ga Yuli 2024 suna cikin tarayya ɗaya. Ƙasa guda mai jirage ƙalilan ba ta da nauyin da za ta sa Baykar ya buɗe wurin babban gyara a cikinta, amma uku a haɗe suna da bakin magana. In aka samu garejin jirage guda ɗaya na ƙasashen uku, da rumbun kayan gyara na tare, aka kuma rubuta a kwantiragi cewa ƴan ƙasa ne za su riƙa kwance inji da kyamara a ƙarƙashin idon injiniyoyin kamfanin har su ƙware, jirgin da ya sami matsala a Tawa ba zai yi watanni yana jiran wani ya taso daga Istanbul ba.