Horar da 'Yan Sanda Sintiri a Kan Keken Hawan Dutse

Sintiri a kan keke ba sabon abu ba ne a aikin ɗan sanda. Tun cikin 1895 aka kafa rukunin masu keke a birnin Niyu Yok, sa'ad da Theodore Roosevelt ke shugabancin hukumar 'yan sandan birnin, kafin ya zama Shugaban Ƙasar Amurka. Da motoci suka yawaita sai aka jingine keke. Cikin 1987 ne darajarsa ta komo, yayin da waɗansu 'yan sanda biyu na birnin Siyatil suka ga cunkoson motoci yana hana su isa inda ake nemansu, suka nemi izni su gwada keken hawan dutse. Gwajin ya yi kyau, har waɗansu birane suka yi koyi da su.

Irin Keken da Amfaninsa

An ƙago wannan keke a jihar Kalifoniya cikin shekarun 1970 domin hawan tuddai. Yana da tayoyi masu kauri, da ƙarfe mai jure wahala, da giya iri-iri, da birki mai kamawa sosai. Saboda haka yana shiga lungu, da kasuwa, da filin wasa, inda mota ba ta iya kutsawa. Ba ya ƙara, don haka ɓarawo ba ya jin zuwansa. Har wa yau mai keke yana ji yana gani, kuma mutane sun fi sakin jiki su tsai da shi su kai kukansu.

Amma wannan kusanci shi ne kuma haɗarinsa. Ɗan sandan da ke cikin mota yana da ƙarfe da gilashi kewaye da shi. Na kan keke kuwa ba abin da ya raba shi da kwalta, ko babbar mota, ko mugun da ya zo kamawa. Wannan ne ya sa iya keke tun ƙuruciya bai isa ba, lalle sai an yi horo na musamman. Cikin 1992 aka kafa ƙungiyar da aka sani da IPMBA a Amurka, wadda kwas ɗinta na 'yan sanda ke cin awa 32 zuwa 40, watau kwana huɗu ko biyar, a rufe da jarrabawar rubutu da ta hawa.

Abubuwan da Ake Koyarwa

Na farko shi ne duba keke kafin fita: iskar taya, da birki, da kaca, da ɗaurin sirdi da ƙafafu. Ba a yarda kowa ya hau ba tare da hular kwano ba, ana kuma sa safar hannu da tabarau.

Na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne tafiya a hankali. Gudu kowa ya iya, amma yawancin sintiri a cikin jama'a ake yinsa. Akan jera alamun roba kusa da juna, a sa ɗalibi ya yi ta zagayawa a tsakaninsu, yana taka feda yana ɗan riƙe birkin baya, idonsa na kallon inda za shi, ba ƙasa ba. Wanda ya ƙware yana iya ratsa taro bai taka kowa ba, bai kuma sauke ƙafa ba.

Na uku shi ne tsayawar gaggawa. Birkin gaba ne ya fi tsai da keke, amma in aka damƙe shi kwatsam sai mahayi ya wuntsila ta kai. Don haka ake koya masa ya ja jikinsa baya da sirdi, ya sunkuya, sa'an nan ya kama birki biyun tare. Daga nan sai hawa da saukar matakala, da ƙetare dakali da rami.

Na huɗu shi ne aikin ɗan sanda kansa: yadda zai diro ba tare da ya faɗi ba, ya sa keken tsakaninsa da wanda ake tuhuma, ya yi magana da oba-oba, ya kuma zaro ankwa da safa a hannunsa. Ana gargaɗinsa kada ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gudu, domin wanda ya iso yana haki ba zai iya kama kowa ba. Ana kuma koya masa yawan shan ruwa lokacin zafi, da tafiyar dare da fitila gaba da baya.

Haƙƙin Jama'a

A kan titi keke abin hawa ne kamar sauran. Wajibi ne ɗan sanda ya bi hannun da doka ta ce, ya tsaya a danja, ya ba da alama da hannu kafin ya karya kwana, domin mai tsaron doka shi ya kamata ya fara kiyaye ta. Direbobi kuma su ba mai keke fili in za su wuce shi, su duba baya kafin su buɗe ƙofa. Wannan kulawa haƙƙin kowane mai keke ne, ko yana sanye da kaki ko ba ya sanye.