Wa zai biya kuɗin gyaran Komadugu?

A shirinmu na wannan mako mun ɗauko zancen ruwa da kuɗi: in kogi ya lalace, ta yaya ake farfaɗo da shi, kuma daga aljihun wa kuɗin zai fito? Ga abin da aka tattauna, don wanda shirin ya wuce shi yana daji da dabbobi ko yana kan hanyar kasuwa.

Yadda kogin ya shiga wannan hali

Ruwan da ake gani a Difa daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma ya gangaro daga tsaunukan Jos. Dukansu sai su bazu cikin fadamar Haɗeja da Nguru, su fito wajen Gashuwa a matsayin Kogin Yobe, wanda mutanen bakin iyaka ke kira Komadugu. Daga nan ya bi ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar, ya wuce Damasak da Difa, ya faɗa Tafkin Chadi wajen Boso.

A da, ruwa kan cika fadama da damina, ya janye da rani. Inda ya janye ciyawa ta tsiro, manomi ya shuka, makiyayi ya sauko. Sai aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Cikar damina ta ragu, amma ruwa kaɗan-kaɗan ya riƙa gudana shekara duka. To, abin da ciyawar kacalla ke so ke nan. Ta yaɗu, ta tare laka da yashi, ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu rassan kogin, irin su Burum Gana, suka ƙafe, ruwan ya karkata ta Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya cikin kacallar. Makiyayi kuwa ya rasa mashaya da ciyawar rani, kuma kun san inda mashaya ta yi ƙaranci, rigima da manomi ba ta da nisa.

Gyaran da ba na siminti ba

Akwai gyaran da ake yi da abin da Allah ya riga ya halitta. A saki ruwa daga madatsa a lokacin da kogi ya saba cika. A share hanyoyin da kacalla ta toshe. A bar fadama ta sha ruwa, domin ita ce ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye. A bar itatuwa a bakin gulbi su riƙe gaɓa. A kan fako kuma a haƙa rabin wata da tassa, ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashi yashi ya zuba a kogi.

Irin wannan aiki ya fi gina madatsa araha, amma ya fi wuyar samun mai biya. Me ya sa? Madatsa ana ganin ta, ana ba da kwangilarta, ana zuwa bikin buɗe ta. Amfanin fadama kuwa a warwatse yake: nono a ruga, kifi a kwalekwale, shinkafa, itacen girki, ruwan rijiya. Babu mai yanka masa rasit. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a fadamar Haɗeja da Nguru farkon shekarun 1990 sun gano cewa, in aka auna da yawan ruwan da ake sha, abin da fadama ke bayarwa ya ninka na noman ranin da ake yi a sama da ruwan Tiga sau da yawa. Sai dai lissafi daban, kasafin kuɗin gwamnati daban.

Ƙofofin da kuɗin ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce tallafi daga waje. 'Yan uwanmu na arewacin Kamaru sun ga amfaninsa. Bayan an gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, fadamar Logon da ke kusa da dajin Waza ta daina cika, ciyawa mai kyau ta mutu, makiyaya da yawa suka ƙaura. A 1994, da kuɗin ƙasar Holan, aka sake buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe. Ruwa ya koma wani yanki na fadamar, ciyawa ta dawo, garke-garke suka biyo ta. A Nijar ma, aikin Keita a jihar Tawa, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ya gyara fako da ƙoramu, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin ana biyan su da abinci. Matsalar tallafi ɗaya ce: yana da ranar ƙarewa. Ita kuwa kacalla ba ta san an rufe ofis ba.

Ƙofa ta biyu bashi ne. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin arewacin Najeriya 19 da Abuja. Kuɗi ne masu kauri, amma ku riƙe wannan: bashi ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba. 'Ya'yanmu za su biya. Saboda haka kowa na da hurumin tambayar inda aka zuba su.

Ƙofa ta uku asusu ne na dindindin. A 2006 aka yi taro a Damaturu, jihohi shida, wato Bauci, Barno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, tare da gwamnatin tarayya, suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe. Hikimar irin wannan asusu kowane makiyayi ya san ta: ba a yanka saniyar tatsa. A ajiye uwar kuɗi, a riƙa share kogi kowace shekara da abin da ta haifar. Amma asusu ba ya rayuwa sai masu zubi sun ci gaba da zubi, kuma in darajar naira ta faɗi, saniyar ta rame. Sannan asusun na jihohin Najeriya ne, mutumin Difa ba shi da kujera a ciki. Nasa zancen sai ya bi ta Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, ko ta yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990.

Ƙofa ta huɗu: mai shan ruwa ya biya mai kula da shi. A Kenya, tun 2015, kamfanoni da hukumar ruwan birnin Nairobi suna zuba kuɗi a asusu, ana taimaka wa manoman da ke saman Kogin Tana su hana zaizayar ƙasa, don ruwan ya iso birni da tsabta. A wajenmu abin a juye yake. Babban birni, wato Kano, da manyan gonakin rani su ne a sama, su ke fara ɗiba. Talakan da ke jiran saura shi ne a ƙasa. Adalci a nan shi ne, daga kuɗin ruwan da ake karɓa a sama a ware wani abu don gyaran ƙasa.

Ƙofa ta biyar ita ce ƙarfin jama'a, kuma kada a raina ta. Sassaben zamani da aka fara wajen Maraɗi a shekarun 1980, inda manomi ke barin kututture ya tofo ya zama itace, ya farfaɗo da ƙasar da aka ƙiyasta ta kai hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da wani babban kuɗi ba. A yankin Haɗeja da Nguru ma ƙauyuka kan fito gayya su shiga ruwa da adda su sare kacalla. Sai dai gayya tana da iyaka. Babbar hanyar ruwa sai da inji, inji kuwa sai da mai.

Ina makiyayi, ina ɗan kasuwa?

Malam makiyayi, ga inda za ka buɗe ido. Sau da yawa in aka gyara fako, sai a hana dabbobi shiga na wasu shekaru don ciyawa ta kama. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne wa'adi ya cika a ce wurin ya zama gona, ko a dasa itatuwa a tsakiyar burtali. Kuɗin gyara kan iya zama sanadin korar ka in ba a zauna da kai ba tun farko. A Nijar dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, kuma akwai kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo. A je a rubuta burtali da mashaya kafin a fara haƙa. Ardo da ruga su halarci taro, ko da ranar ta faɗo ranar kasuwa.

Alhaji ɗan kasuwa, kai ma zancen naka ne. Tattasan Difa, bandar kifi, shinkafa da shanun da kake tsallakawa da su iyaka, duk daga ruwan nan suke. Kana biyan haraji a kara da tasha. Ƙungiyarku na iya neman a ware wani kaso na wannan kuɗi don share hanyar ruwa da gyaran mashaya, a kuma karanta lissafin a gaban jama'a.

In ma'aikata suka zo garinku da sabon aiki, ku tarbe su da mutunci, sannan ku yi tambaya huɗu. Kuɗin kyauta ne ko bashi? Shekara nawa aikin zai yi? Wa zai ci gaba da kula da shi bayan sun tafi, kuma da wane kuɗi? Ta ina dabbobi za su bi su sha ruwa? Wanda ya zo da gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.