Guzurin jirgin sama: abin da ke wucewa da abin da jami'an duwan ke ƙwacewa

A jajibirin tafiya, a gidaje da yawa na Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, shirya tufafi ba ya cin lokaci kamar ɗaure kayan miya. Ga garin kuka a leda, ga busasshiyar kuɓewa, ga daddawa da yaji, ga kilishin da kawu ya aiko takanas, ga cukun da inna ta ce lalle sai an tafi da shi. Ana ɗora akwati a kan sikeli ana saukewa har tsakar dare.

Wannan al'ada ta ƙara ƙarfi tun da matafiya suka soma barin otal suna kama gidajen haya na ɗan lokaci masu ɗakin girki, ta hanyar kafofin intanet irin su Airbnb da Booking, ko ta hannun 'yan'uwa mazauna can. Iyalin da za su yi mako biyu a Paris, Istanbul ko Kasablanka, ko waɗanda suka je Umara suka kama gida a unguwar Aziziyya ta Makka, sun san cin abinci a waje sau uku a rana zai cinye kuɗin tafiyar. Yuro ɗaya sefa 656 ne, don haka farantin yuro 15 ya kusa jika goma, kuma na mutum ɗaya ke nan. Ga kuma batun halal, ga tsofaffin da cikinsu bai saba da komai ba sai tuwo da kunu.

Sai dai ba duk abin da ya shiga akwati ne yake isa tukunya ba. Wani a filin jirgi yake ƙarewa, cikin kwandon kayan da za a ƙone, wani lokaci har da tara a kai.

Kilishi da cuku ba sa shiga Turai

Abin takaicin shi ne, abincin da ɗan Nijar ya fi alfahari da shi shi ne na farko a jerin abubuwan da aka hana. Kilishin Nijar yana da rajistar asali a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a Afirka, kamar albasar Galmi. Amma dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyin da ya fito daga ƙasashe irin namu shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su, komai ƙanƙantarsa. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman layya, cuku, man shanu, duk hukuncinsu ɗaya. Ko an busar, ko an soya, ko an matse iska an liƙe leda, dokar ba ta sauya ba. Birtaniya ma haka take yi.

Dalilin yana komawa ga cututtukan dabbobi. A shekarar 2001 ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, ya ɓarke a Birtaniya, aka kashe dabbobi sama da miliyan 6 kafin a shawo kansa. Ƙwayar cutar tana iya daɗewa a cikin nama da kayan madara, kuma ragowar abincin da aka zubar tana iya kaiwa ga bakin dabba. Bayan wannan annoba ne Turai ta tsaurara matakai a kan jakunkunan matafiya. Jami'in da ya karɓe kilishinka ba ya duba ko mai kyau ne ko marar kyau, dokar nama kawai yake bi.

Akwai abubuwan da aka yi wa sassauci. Busasshen kifi ko banda, irin wanda ake kawowa daga yankin Diffa, ana iya shiga da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya. Zuma har kilo 2. Madarar jarirai ta gari ita ma har kilo 2, da sharaɗin tana cikin gwangwaninta na kamfani, ba a buɗe ba, kuma ba ta buƙatar firij kafin a buɗe ta.

A ɓangaren tsirrai kuwa, tun ranar 14 ga Disambar 2019 ɗanyen kayan lambu, 'ya'yan itace da iri ba sa shiga Tarayyar Turai sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da suka fito. 'Ya'yan itace biyar kawai aka keɓe: dabino, ayaba, abarba, kwakwa da wani ɗan itacen Asiya mai suna duriyan. Ke nan dabinon Kawar zai wuce lafiya, amma ɗanyar albasar Galmi, mangwaro ko ɗanyen tattasai za su tsaya. Abin da aka busar aka daka ya zama gari, kamar kuka, yaji, barkono da garin gero, ba shi ne dokar ke farauta ba, kuma galibi yana wucewa.

Amurka: faɗi kafin kare ya faɗa

Masu zuwa Niyok ko Greensboro, inda 'yan Nijar suke da yawa, suna fuskantar tsari mai kama da wannan, da ƙarin sharaɗi guda: dole ne matafiyi ya bayyana duk wani abinci da yake ɗauke da shi. Wanda ya faɗa, aka duba aka ga haramtacce ne, za a karɓe a sallame shi ba tara. Wanda ya ce ba ya da komai, aka gano, tarar farko takan soma daga dala 300, kuma doka ta ba da damar ta kai dala 10,000. Filayen jiragen Amurka suna da karnukan da aka horar musamman don shinshino nama da 'ya'yan itace, kuma ƙamshin kilishi ba ya ɓuya a gare su.

Abubuwa biyu ne suka fi ba mutanenmu mamaki a can. Na farko dunƙulen ɗanɗano: idan akwai naman kaza ko na shanu a cikin haɗinsa, ana lissafa shi cikin kayan nama. Na biyu shinkafa. Nijar tana cikin jerin ƙasashen da Amurka ta ce suna da ƙwaron hatsi mai suna kafra, don haka an hana matafiyi shiga da shinkafa ko waken suya daga nan.

Saudiyya da batun goro

Ga masu Hajji da Umara, abin da ya fi jawo matsala shi ne goro. Hukumar alhazan Najeriya ta sha gargaɗin maniyyata cewa Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma dokar ba ta bambanta ɗan Kano da ɗan Maraɗi ba. Haka nan ƙullin gari ko na saiwa marar suna yakan sa a tsare mutum na sa'o'i ana bincike, domin jami'in da bai taɓa ganin kanwa ko garin kuka ba yana da dalilin yin shakka.

Wani abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne saƙo. A al'adarmu da kunya mutum ya ce wa maƙwabci ba zai kai wa ɗansa yaji ba. Amma duk abin da aka samu a jakar da ke ɗauke da sunanka naka ne a idon doka, kuma Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan fataucin miyagun ƙwayoyi. Wanda zai karɓi saƙo ya buɗe shi a gaban mai shi, ya duba, ya sake ɗaurewa da hannunsa. Mai saƙon da ya ƙi a buɗe, a bar masa kayansa.

Kilo 23 ba ya da yawa

Tun watan Agustan 2023 da kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai, masu nufin Turai suna bi ta Kasablanka, Istanbul, Addis Ababa ko wasu biranen, wato ana sake binciken jakar hannu a tsakiyar hanya. A jakar hannu, duk abu mai ruwa ko mai danƙo kada ya wuce mililita 100 a mazubi ɗaya, kuma zuma, man gyaɗa da tunkuza mai laushi duk suna cikin wannan lissafi. Wurinsu babban akwati, wanda a yawancin kamfanoni iyakarsa kilo 23. Yawan akwatunan ya danganta da irin tikitin, don haka a duba kafin a soma ɗauri.

Nan ne ake yin kuskuren lissafi. Shinkafa, sukari, mai, taliya, albasa da tumatir babu garin da ba a sayar da su. Ɗaukar kilo 10 na shinkafa daga Yamai zuwa Paris asarar wuri ne, idan kuma ya jawo kuɗin ƙarin nauyi, shinkafar ta fi ta can tsada. Abin da ya cancanci wuri a akwati shi ne marar nauyi, busasshe, wanda kaɗan ke isa: kuka, kuɓewa, karkashi, busasshen zogale, daddawa, yaji, tsamiya, zoɓo, ƙuli-ƙuli da garin kunu. Kilo uku ko huɗu na waɗannan za su riƙe miyar iyali har a dawo. Nama kuwa a saya a can. A Paris, unguwar Château Rouge cike take da mahautan halal da shagunan kayan Afirka, kuma a Istanbul, Kasablanka da Makka ba a ma tambayar halal.

Ɗauri ma yana da nasa ƙa'ida. Kowane gari a sa shi cikin leda mai haske, a ninka biyu, a rubuta sunansa da Faransanci ko Ingilishi. Daddawa a sa ta cikin roba mai murfi, in ba haka ba tufafin gaba ɗaya za su ɗauki ƙamshinta. Kwalbar mai ko zuma kada a cika ta fal, domin iska tana sauyawa a sama kuma murfi yakan yi yoyo. A haɗa kayan abinci wuri ɗaya a saman akwati, yadda idan an ce a buɗe ba sai an watsa komai ba.

Ɗakin girkin da za a tarar

Kafin tashi, yana da kyau a rubuta wa mai gidan hayar a tambaye shi abin da ke ɗakin girkin: girman tukwane, irin murhu, da ko akwai gishiri da mai. Gidaje da yawa a Turai suna amfani da murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu, wanda tukunyar dalma irin tamu ba ta zafi a kansa ko kaɗan. Ɗaukar tukunya daga gida ke nan wahalar banza ce. Muciya da maburgi kuwa ba su da nauyi, kuma da wuya a same su a can.

A kuma lura da ranar sauka. A Jamus kantuna a rufe suke ranar Lahadi, a Faransa ma da yawa suna rufewa da rana tsaka. Iyalin da suka iso daren Asabar da yara za su gode wa Allah da garin kunu da dabinon da ke akwati. Idan ana suya, a kunna na'urar zuƙe hayaƙi a buɗe taga, domin ƙararrawar gobara ba ta da wuyar tashi. Ranar fita kuma a kwashe ragowar abinci a wanke tukwane, saboda masu gidaje suna iya cajin kuɗin shara na musamman.

Dokokin nan sukan sauya idan wata cuta ta ɓulla, shi ya sa ya kamata a leƙa shafin duwan na ƙasar da za a je kwanaki kaɗan kafin tafiya. Idan an isa kuma akwai abin da ake shakka a kansa, a bi layin masu bayyana kaya a nuna wa jami'i. Kilishin da kawu ya aiko kuwa, a ci shi a gida tare da 'yan rakiya kafin a kama hanyar filin jirgin Diori Hamani.