Tsufa a Abuja: Ƙafar da Ta Daina Tafiya

Hausawa kan ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Babu inda wannan karin magana ya fi dacewa kamar birnin Abuja, inda dubban ma'aikatan gwamnati ke ajiye aiki kowace shekara.

Bisa dokar aikin gwamnati, ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya kai shekara 60 da haihuwa, ko kuwa ya cika shekara 35 yana aiki. Daga ranar nan mutum ya rabu da hawa matakalar ofis da zirga-zirgar kai takardu. Abin da ya rage masa shi ne kujerar falo, da talabijin, da direba ko ɗa mai kai shi unguwa. Ba a daɗewa sai a ji ana maganar hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gwiwa.

Tsarin birnin kansa yana da hannu a ciki. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, har aka tare a ranar 12 ga Disamba 1991, an shimfiɗa Abuja ne da faffaɗan tituna domin masu mota. A tsohon birnin Kano ko Zariya, dattijo yakan taka zuwa kasuwa, da masallaci, da gaisuwar mutuwa. A Maitama ko Asokoro kuwa, kasuwa ta yi nisa, maƙwabci yana bayan katanga, sayen burodi ma sai an tada mota.

Amma ba sai an bar Babban Birnin Tarayya ba za a ga wani irin tsufa dabam. A ƙauyukan Kuje da Bwari da Kwali, tsofaffin Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna tafiya gonar doya da ƙafa, matansu na ɗauke da kaya a kafaɗa, kamar yadda al'adarsu take. Ba a ce rayuwarsu ta fi sauƙi ba, domin asibiti ya yi musu nisa. Sai dai jikinsu bai san zaman kashe wando ba.

Likitoci sun daɗe da gane amfanin motsi. A shekarar 1953 wani likita ɗan Ingila, Jeremy Morris, ya bayyana binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan. Ya tarar kwandastoci, masu hawa da sauka wuni guda, ba su kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke zaune. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su motsa jiki na minti 150 zuwa 300 kowane mako, watau aƙalla tafiyar rabin sa'a kwana biyar, tare da atisayen da zai hana su yawan faɗuwa.

Ƙasar Koriya ta Kudu abar misali ce. A 1970 tsawon rayuwar mutanenta bai wuce shekara 62 da 'yan watanni ba, yanzu kuwa ya haura 83. Ingancin asibiti da abinci ne manyan dalilai, amma kuma hawan duwatsu da tattaki a lambunan shaƙatawa sun zama ɗabi'ar tsofaffinsu, musamman a dutsen Bukhansan da ke gefen birnin Seoul.

Abuja ma ba ta rasa wuraren yin haka ba. Akwai lambun Millennium, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamba 2003, ga bakin tafkin Jabi, ga harabar filin wasa na Moshood Abiola. Mai ciwon zuciya ya fara neman shawarar likita, sa'an nan ya soma da kaɗan, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Takawa zuwa masallaci ko coci ma motsi ne.

Sauran aiki na 'ya'ya ne. Da yawansu suna ganin hutar da iyaye shi ne hana su ɗaga ko tsinke. Alhali kuwa ɗan da ya kama hannun mahaifinsa suka zaga unguwa da yamma ya fi wanda ya aiko da kwalin magani ƙarshen wata. Rigakafi dai ya fi magani.