Kaza da 'Ya'yanta: Inda Ido Ya Faɗi Gaskiya da Inda Ya Ruɗe Mu

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san Kaza da 'Ya'yanta. Da shigowar sanyi a watan Nuwamba, ana idar da sallar magariba take ɓullowa daga gabas, 'yan taurari ƙanana a cure wuri guda, kuma kafin ƙarshen Disamba, wajen ƙarfe goma na dare, ta kusa kai tsakiyar ka. Yawancin mutane shida suke iya ƙirgawa, mai kaifin ido ya ce bakwai. Malamanmu na zaure Surayya suke kiranta. Mutanen Japan kuwa Subaru suke ce mata, shi ya sa motar da ke ɗauke da wannan suna take da taurari shida a tambarinta.

Na zaɓi in fara da ita ne saboda wani dalili. A cikin siffofin da 'yan Adam suka daɗe suna hangowa a sama, Kaza tana cikin 'yan kaɗan ɗin da ido ya faɗi gaskiya a kansu. Da aka zo aka auna, sai aka tarar da gaske dangi ne: daga curin iskar gas da ƙura guda aka haife su, shekara kusan miliyan 100 da suka wuce, kuma har yau tare suke tafiya. Ba bakwai ba ne kawai. Galileo, masanin ƙasar Italiya, da ya saita ƙaramin madubin hangen nesansa a kansu, ya zana guda 36 a littafin da ya buga a 1610. Yau an san sun haura 1,000. Sauran siffofin da muke gani kuwa, yawancinsu ba haka suke ba.

Kafin mu je can, sai mun san ma'aunin da ake amfani da shi. Haske yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan kilomita miliyan 150 ne, haske yana shafe su cikin minti 8 da daƙiƙa 20. Nisan da yake ci a shekara guda, wato kilomita kusan tiriliyan 9.46, shi ake kira shekarar haske, kuma ma'aunin nisa ne, ba na lokaci ba. Tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, yana nisan shekarar haske 4.2. Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare kuma aka ambaci sunansa a Suratun Najmi, yana nisan 8.6. Suhailu, da ake gani can ƙasa-ƙasa ta kudu lokacin ɗari, kusan 310. Kaza kuwa 444. Hasken da ya shiga idonka daga gare ta daren jiya ya baro gida tun ƙarni na 16.

Mai karatu zai ce, wa ya je ya auno? Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon dama ka duba, sannan ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan ya gusa a kan abin da ke bayansa. Haka masana suke yi, sai dai maimakon ido biyu, suna duba tauraro yau, su sake duba shi bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Gwargwadon ƙanƙantar gusawar, gwargwadon nisan. Bajamushe Friedrich Bessel ne ya fara fitar da sakamakon irin wannan awo a 1838. Aiki ne mai wuya ƙwarai, kuma ita kanta Kaza ta taɓa jawo gardama. Tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Hipparcos, wanda aka harba a 1989, ya ba da nisan da ke kusa da 390, alhali sauran hanyoyin awo suna nuna fiye da 430. Aka yi shekaru ana ja-in-ja, har a 2014 aka haɗa na'urorin hangen nesa na rediyo daga wurare daban-daban aka sami 444, daga baya Gaia, magajin Hipparcos, ya tabbatar da hakan. Na'urar Hipparcos ita ce ta yi kuskure, kuma masu ita ba su ɓoye alƙalumansu ba, shi ya sa aka iya kama kuskuren.

To, mu gangara gabas da Kaza kaɗan. Akwai taurari uku a jere, reras, da wasu huɗu masu haske da suka sa su a tsakiya. Girkawa sun ga siffar mafarauci suka kira shi Oriyon, Larabawa suka ce Aljabbar. Ido yana nuna maka kamar a bango guda aka kafe su. Amma Bellatrix, na kafaɗa ɗaya, yana nisan shekarar haske kusan 250. Rigel, farin nan na ƙafa, kusan 860. Alnilam, na tsakiyar ukun nan, ya wuce 1,200. Da za a ɗauke mutum a kai shi wani sashe mai nisa na sararin samaniya, ba zai ga wani mafarauci ba. Siffar ta dogara ne da inda muke tsaye.

Wannan bai sa siffofin sun zama banza ba, taswira ce. Baɗalimusa na Iskandariya ya lissafa 48 a ƙarni na 2. Abdurrahman al-Sufi ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya a Isfahan, ya gyara hasken taurarinsu a littafinsa na Suwar al-Kawakib wajen shekarar 964, kuma ta hanyar littattafan Larabci irin nasa ne sunayen taurari masu yawa suka shiga harsunan Turai. A 1922 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta tsayar da 88, a 1930 aka buga iyakokinsu da Eugène Delporte, ɗan ƙasar Beljiyam, ya shata. Tun daga nan, idan masani ya ce abu kaza yana cikin Oriyon, yanki yake nufi, ba wai yana da wata alaƙa da taurarin da ke wurin ba.

Mu ma muna da tamu taswirar, kuma ta aikin gona ce. Wata yana kewaya sama cikin kwana 27 da 'yan sa'o'i, kowane dare a wani masauki, shi ne aka raba hanyarsa gida 28 da ake kira manzilolin wata: Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasra, Ɗarfa, Jabha, da sauransu. Aka ba kowace kwana 13 a shekara, Jabha ta ɗauki 14, lissafi ya cika 365. Da yake watannin Musulunci suna zagayawa ba sa bin damina, wannan lissafi ne ya riƙa gaya wa manomi lokacin shuka da lokacin da ruwa ke shirin janyewa, kuma har yanzu akwai dattawan da kan tambayi malam, wace tauraruwa muke ciki? Malamai sun ƙulla lissafin cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hadda, Mervyn Hiskett ya yi rubutu a kansu a 1967. Asalin abin a fili yake. Saboda duniya tana kewaya rana, kowane tauraro yana riga fitowarsa ta jiya da minti kusan huɗu, wato awa biyu a wata. Shi ya sa Kaza take nutsewa cikin hasken rana a watan Mayu, ta sake bayyana da asuba a watan Yuni, daidai lokacin da manoman ƙasar Hausa ke sa ido ga gabas.

Sai dai akwai gyara guda da ya kamata masu wannan lissafi su sani. Sandar da duniya ke juyawa a kanta tana yin wani lilo a hankali, zagaye ɗaya a shekara kusan 26,000. Sakamakonsa, taurari suna zamewa daga kwanakin shekara da daraja ɗaya duk shekara 72, kusan kwana guda ke nan. Jadawalin da aka tsara shekara 1,000 da suka wuce ya goce da kusan mako biyu. Wannan lilo shi ne kuma ya kwance wa masu duban buruji zani a kasuwa. Suna cewa rana tana shiga Hamalu ranar 21 ga Maris, alhali a yau a wannan rana tana cikin Hutu. A ganina nan ne ya kamata mu raba tsakanin falaki da duba. Na farko yana faɗin abin da kowa zai iya fita waje ya gwada. Na biyu yana ɗora ƙaddarar mutum a kan siffar da taurarinta ma ba a wuri guda suke ba.

Shi tauraro kansa mene ne? Rana ce, rana kuma tauraro ce, nisa kawai ya bambanta su a idonmu. A 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa yawancin jikin taurari iskar haidirojin ce da hiliyam, manyan fagen suka ƙi yarda, sai bayan 'yan shekaru suka dawo kan maganarta. A tsakiyar rana zafi ya kai digiri miliyan 15, a nan haidirojin ke haɗewa ya zama hiliyam, kusan tan miliyan 600 kowace daƙiƙa, kuma an shafe shekara biliyan 4.6 ana haka. Launi yana nuna zafi, amma akasin yadda mutum zai zata. Betelgeuse, jan nan na ɗaya kafaɗar Oriyon, zafin fatarsa bai wuce digiri 3,500 ba. Ta rana kusan 5,500. Rigel mai fari-shuɗi ya kusa 12,000. Ja shi ne mai sanyi-sanyi a cikinsu. Zara matar wata kuwa, duk da ta fi su ɗaukar ido, ba tauraruwa ba ce, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, Zuhura, kuma hasken aro take yi.

Duk taurarin da ido ke iya rarrabewa ɗaya-ɗaya, 'yan dubbai ne, kuma duk 'yan gida guda ne. Idan dare ya yi duhu sosai za ka ga wani farin zane kamar hayaƙi ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan, wanda littattafan Larabci ke kira Majarra. Galileo ne ya gano taurari ne birjik da suka yi wa ido yawa. Wannan shi ne galaksin da muke ciki. Siffarsa kamar faifai, faɗinsa kusan shekarar haske 100,000, taurarinsa tsakanin biliyan 100 zuwa 400. Da yake muna cikin faifan ne, idan muka duba ta gefensa sai mu ga tarin haske, idan muka duba sama ko ƙasa da shi sai mu ga taurari jefi-jefi. Rana tana nisan shekarar haske kusan 26,000 daga cibiya, tana kuma kewaya ta sau ɗaya a shekara kusan miliyan 230. A cibiyar, ta wajen burujin Ƙausu, akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyan 4, wanda aka fitar da hotonsa a 2022.

Har shekarun 1920 masana da yawa suna ganin wannan faifai shi ne halittar gaba ɗaya. Abin da ya karya wannan zato wani ɗan tabo ne da al-Sufi ya riga ya rubuta cewa ya gani kamar ɗan gajimare a cikin siffar Andromeda. A 1912 Henrietta Leavitt, a jami'ar Harvard, ta gano cewa wani nau'in taurari masu ƙaruwa da raguwar haske suna bin ƙa'ida: wanda ya fi jinkirin zagaye shi ya fi haske na ainihi. Idan ka san ainihin hasken abu, ka kuma ga yadda ya dusashe, ka san nisansa. A watan Oktoba na 1923 Edwin Hubble ya sami irin wannan tauraro a cikin ɗan gajimaren, da madubin Dutsen Wilson na Kalifoniya mai faɗin inci 100. Lissafi ya nuna gajimaren yana can waje da galaksinmu. Wani galaksi ne daban, nisansa a awon yau shekarar haske miliyan 2.5, kuma ana iya ganinsa da ido ba tare da na'ura ba. Irinsa a sararin da aka iya hangowa sun kai ɗaruruwan biliyoyi.

Abin da ba mu cika sani ba shi ne wurin da muke zaune yana cikin mafi kyau don wannan kallo. Kano tana daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, Agadas 17. Saboda haka tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, yana nan daraja 12 bisa doron ƙasa ga mutumin Kano, kuma a daren Afrilu da Mayu mutumin nan zai juya kudu ya ga taurarin nan masu siffar gicciye da ke tutar Ostareliya. Ɗan Landan ba zai taɓa ganinsu daga gida ba. Matsalarmu biyu ce, hazon hunturu da gajimaren damina, sai kuma fitilun birni. Don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba, a daren da babu wata. A lokacin, wajen ƙarfe goma, Andromeda tana can sama ta ɓangaren arewa. A ba ido minti ashirin ya saba da duhu, a ajiye waya.

Najeriya tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, tana da cibiyar nazarin falaki a Nsukka, amma yaro yana iya gama sakandare ba a taɓa fita da shi fili an nuna masa tauraro ko ɗaya da suna ba. Wannan darasi ba ya bukatar kasafin kuɗi. Ina kira ga malaman kimiyya na makarantun kwana su fitar da ɗalibansu dare ɗaya a kowane zango. Ina kuma kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai wurin tsofaffin manoma, da makiyaya, da masunta, da madugan ayarin gishiri, su rubuto sunan da kowa ke kiran kowane tauraro da aikin da yake yi masa, tun masu wannan sani suna da rai.