Unguwar Masana a Cikin Daji: Abin da Sophia Antipolis Ta Samu da Abin da Ya Kuɓuce Mata

A kudancin Faransa, tsakanin biranen Nice da Cannes, akwai wasu tuddai da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura suka lulluɓe. Baƙon da ya bi ta nan a mota zai iya ɗauka gandun daji ne kawai, sai ya sha kwana ya ga ofis ya ɓullo daga cikin bishiyoyi, ya ƙara gaba ya ga wani. Wannan ita ce Sophia Antipolis, unguwar bincike da fasaha mai faɗin hekta kusan 2,400, inda mutum wajen 40,000 ke aiki a kamfanoni fiye da 2,000. A nan hedikwatar hukumar ETSI take, wadda ke tsara ƙa'idojin sadarwa na Turai, a nan kuma kamfanin Amadeus ke rubuta manhajar da ake sayen tikitin jirgin sama da ita a ƙasashe da dama.

Tunanin ya fito ne daga Pierre Laffitte, masanin duwatsu da ma'adinai wanda daga baya ya zama sanata. A 1960 ya rubuta a jaridar Le Monde cewa ya kamata a fitar da masana daga cunkoson Paris a kai su karkara, kuma a 1969 aka kafa harsashin aikin. Ba shi ne na farko a duniya ba, don Jami'ar Stanford a Amurka ta buɗe nata tun 1951. Abin da ya bambanta na Faransa shi ne dokar da aka gindaya wa magina tun daga farko: kashi biyu cikin uku na filin zai zauna daji, kashi ɗaya kaɗai za a yi gini a kai, kuma ba a yarda gini ya ɗara ƙoƙuwar tudun da yake jikinsa ba.

Wannan doka ta biyu ita ta fi tasiri a kan kamannin wurin. Mai zanen gini da aka hana shi miƙewa sama dole ya bi ƙasa yadda ta kwanta. Sai ka ga ofis ya sauko gangare hawa-hawa, rufin na ƙasa ya zama farfajiyar na sama, ƙofar shiga tana hawa na uku ta ɓangaren tudu, hawa na farko kuma yana buɗewa ga kwari. Bangon da ya jingina da ƙasa ba ya shan rana, don haka ɗakunan ciki ba sa ɗaukar zafi da wuri. Ruwan sama da ya sauka a kan ganyen da ya zube yana nutsewa a hankali kafin ya isa rafin Brague, maimakon ya kwarara a kan kwalta gaba ɗaya. Amma dajin yankin yana bushewa ƙamas a lokacin zafi, shi ya sa dokar Faransa ta tilasta a share ciyayi da ƙananan itatuwa har mita 50 kewaye da ginin da ke kusa da daji, saboda gobara. Zama da itace yana da nasa kuɗin duk shekara.

Laffitte bai nemi kyau don kyau kawai ba. Burinsa shi ne malamin jami'a da injiniyan kamfani da mai jari su riƙa cin karo da juna, hira ta haifi sabon aiki. A nan ne, a ganina, tsarin ya gaza. Da aka warwatsa gine-gine cikin daji, sai tazara ta shiga tsakaninsu. Jirgin ƙasa bai shiga unguwar ba, yawancin ma'aikata kuma a garuruwan kewaye suke kwana, don haka kowace safiya motoci kan yi cincirindo a 'yan hanyoyin da ke hawa tuddan. Wanda ya fito daga mota ya shige ofis, da yamma ya fito ofis ya shige mota, yaushe zai haɗu da maƙwabcinsa? Ga filayen ajiye motoci sun cinye wani ɓangare na ƙasar da ake tattali. Sai da aka daɗe kafin a fara gina wa bas hanyarta ta musamman daga garin Antibes.

Singapo ba ta da filin da za ta yi wannan facaka. A unguwar one-north, wadda Zaha Hadid ta zana tsarinta a 2001 a kan hekta kimanin 200, an matse gine-gine kusa da juna, an ratsa tsakiyarsu da dogon lambu, an kuma kawo tashar jirgin ƙasa har ciki. Ginin da ya fi jan hankalina a wurin shi ne Solaris, bene mai hawa 15 da Ken Yeang ɗan Maleshiya ya zana. Wata hanya mai shuke-shuke ta tashi daga ƙasa, ta nannaɗe ginin tana hawa har rufi, tsawonta kilomita 1.5 ba tare da yankewa ba. Dalilin rashin yankewar shi ne ƙwari da tsuntsaye da irin tsirrai su iya bin ta daga lambun ƙasa zuwa sama, mai ban-ruwa kuma ya yi aikinsa ba tare da ya ratsa ofishin kowa ba. Ganyen yana yi wa tagogi inuwa. An huda ginin a karkace domin hasken rana ya kai ɗakunan tsakiya, rufin gilashin da ke saman babban zauren yana buɗe don iska, ya rufe kansa idan ruwa ya sauko. Ruwan da ake ba shukokin ma na sama ne da ake tarawa a tanki.

Sai dai a tuna, Singapo tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ba ta san rani irin na Sahel ba. Hotunan Solaris sun zaga duniya, kuma ina jin takaici idan na ga an kwaikwayi koren launinsa a inda sai an tono ruwa daga rijiyar burtsatse kafin ciyawa ta rayu.

A Abu Dabi, kamfanin zanen gini na Norman Foster ya bi wata hanya dabam a unguwar Masdar, wadda aka fara ginawa a 2008. Tun da hamada ce, sai aka nemi inuwa daga gine-ginen kansu. Lungunan ƙanana ne kuma gajeru, benaye suna leƙowa ta samansu, an rufe tagogi da raga mai launin jan yashi irin ta tsofaffin gidajen Larabawa, ga kuma hasumiya mai tsawon mita 45 da ke cafko iskar sama ta turo ta dandali. Wanda ya taɓa bin lungunan tsohon birnin Kano ko na Damagaram da tsakar rana ya san wannan dabara a jikinsa. Masdar ba ta cika alkawarinta ba: an tsara ta don mazauna wajen 50,000, har yau ba ta kusanci haka ba, kuma tana can gefen filin jirgin sama, nesa da tsakiyar birni. Amma lungunan da aka gina suna aiki, ana iya tafiya a ƙafa a cikinsu lokacin da titunan waje ke ƙuna.

Jami'o'in Najeriya da Nijar su ma suna ta zancen kafa irin waɗannan cibiyoyi, kuma zanen da ake nunawa yawanci gilashi ne ta ko'ina da shimfiɗar ciyawa a gaba. Da za a tambaye ni, sai in ce kafin a kira katafila a fara ƙirga itatuwan da ke filin, a zana ginin yana kewaye su. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani, wato inuwarsa tana zuwa ne daidai watannin da ake nemanta, kuma ba ya jiran kowa ya ba shi ruwa. Tsamiyar da aka sare da safe ɗaya, sai an yi shekaru masu yawa kafin wata ta kai girmanta. Sannan a kusanto da ɗakunan gwaji da ɗakin karatu da wurin cin abinci da masallaci, yadda ɗalibi zai iya zagaya su a ƙafa ƙarƙashin rumfa a watan Afrilu, a kuma tabbatar motar haya tana kaiwa bakin ƙofa tun ranar da aka buɗe.