Idan Agogon Kwamfuta Ya Fara Ƙarya

Mutane da yawa idan agogon kwamfutarsu ya kauce, sai su gyara shi da hannu su ci gaba da aiki, bayan kwana biyu kuma ya koma gidan jiya. Kafin ka taɓa shi, lura da irin ƙaryar da yake yi, domin ita za ta nuna maka inda cutar take.

Idan mintoci daidai suke amma awa ta bambanta, an saita na'urar ne a kan lokacin wata ƙasa. Najeriya da Nijar suna kan UTC+1, wato awa ɗaya gaba da ma'aunin lokacin duniya na UTC, Ghana kuwa UTC. Wanda ya ɗora Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ma yakan ga ratar awa guda cif, saboda Windows na ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin gida, Linux kuma yakan ɗauke shi UTC.

Idan kuwa da zarar an ɗauke wuta kwanan wata ya koma shekarun baya, batirin CMOS ne ya mutu. Ɗan ƙarami ne kamar maɓallin riga, galibi CR2032 mai bolt 3. Kwamfutocin tokumbo sun fi fama da wannan, tunda batirinsu ya tsufa tun kafin su iso kasuwarmu.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne agogon da ke zamewa a hankali. Ɗan dutsen kwaz da ke ƙirga lokaci yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, kuma a kan zafin digiri 25 aka daidaita shi. Zafin bazara na rage masa sauri, sanyin hunturu ma haka. Daƙiƙa biyu a rana ba komai ba ce a ido, amma a wata ta zama minti. Lambobin tabbatarwa na manhajoji irin Google Authenticator kuwa duk daƙiƙa 30 suke canzawa, idan agogon na'urar ya zame sai ka ga an ƙi lambarka alhali daidai ka rubuta.

Maganin wannan shi ne NTP, tsarin da David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya fitar a 1985, wanda kwamfuta ke karɓar sahihin lokaci ta intanet da shi. A Windows, buɗe tagar umarni da izinin mai gudanarwa ka rubuta w32tm /resync. A Linux kuma timedatectl set-ntp true. Idan ya ƙi a kwamfutar ofis, ka tambayi mai kula da intanet ɗin wurin ko ya toshe ƙofa ta 123, don ta nan NTP ke bi.